Shekarar da Aka Sa Ni a Baya

Madam ce ta fara kawo maganar tsibiri, kuma ba ni ta faɗa wa ba. Umma ta faɗa wa, a kicin, tana tsaye a kanta ana soya albasa. Wannan kaɗai ya ɓata min abin tun kafin a fara. Umma ta haura shekara ashirin tana girki a gidan Madam a Abhur, nan Jidda, mijin Madam ne kafilinta mai tsaya mata, shi yake sabunta mata iƙama, takardar zama a ƙasar. Duk abin da yake tasowa daga gidan nan zuwa ɗakinmu a Nuzla na san kamarsa: abayar da aka gaji da ita, ragowar naman walima, takalmin da ya yi wa 'yar Madam kaɗan. Gayyata ba ta taɓa biyo wannan hanyar ba, shi ya sa da ta zo na juya ta ciki da waje ina neman inda ta yage.

"Ta ce ki shirya, bana da ke za a tafi," in ji Umma, tana murza ƙafarta da man zafi.

"A tafi in yi me?"

"Keke mana. Ba shi ne ya hana ki zaman gida ba?"

"Keke, ko riƙon jaka?"

"Ke dai bakinki zai ja miki wata rana. Mata ta yi miki alheri."

"Ke ta yi wa, Umma. Ni ko lambata ba ta nema ba."

Ƙungiyar ta mata ce. Duk Juma'a bayan asuba suke haɗuwa a bakin teku su yi ta tuƙi har rana ta fara zafi. Akwai 'yan ƙasa, akwai Misirawa, akwai 'yan Filifin biyu ko uku. Shugabar wata nas ce Bahaushiya daga Najeriya da ta zo aikin kwantiragi, kowa Sista yake ce mata, har Larabawan. Ni da kaina na shiga. Ina tuƙi ni kaɗai suka wuce ni a jere, na bi su, na wuce ta farkonsu, na tsaya a gaba na jira. Sista ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce da Hausa, "Ke 'yar ina ce?" Na ce Nuzla, iyayena Sudan. Ta ce in zo mako mai zuwa da hular kwano. Ban san Madam tana cikinsu ba sai da wata ta cire tabarau ta ce da Larabci, a gaban kowa, "Ai wannan kekenmu ne!" Gaskiya ta faɗa. Keken 'yarta ne da aka yar a bayan gareji, Umma ta roƙo min shi, na tura shi wurin wani ɗan Yaman mai gyara a unguwarmu, na tsaya a kansa har na koyi faci da ɗaure birki. Sabuwar sarƙa, sababbin tayoyi, sirdin ma na canza. Amma ranar ya koma nasu, ni kuma na koma 'yar mai girkinsu, kuma na ga yadda wasu suka gyara kallon da suke yi min.

Tsibirin kuwa sau ɗaya ake zuwa a shekara, lokacin sanyi. Can kudu yake, sai an je Jazan a shiga jirgin ruwa. Ba kowa ake ɗauka ba, Sista ce take zaɓa, kuma wadda aka ɗauka an san ta zama 'yar ƙungiya ta gaske, ba mai leƙowa ba. Ina so, ba zan yi ƙarya ba. Wata takwas ban fasa Juma'a ɗaya ba saboda shi. Amma a matsayin mai keke nake so in je, ba shagala 'yar aikin gida da aka tsinta a hanya ba. Tun ina sakandare na rantse wa kaina ba zan taɓa riƙe wa gidan nan ko ledar burodi ba.

Juma'ar da ta biyo baya na tare Sista tana duba iskar tayarta.

"Sista, wa ya sa sunana?"

"Ni."

"To me ya sa Madam ta riga ni sani?"

"Saboda ita take kama mana bas, dole in ba ta sunaye. Ke ba ki iya ina kwana ba ne?"

"Ina kwana. Ba ita ta ce a sa ni ba?"

"Ƙanwata, in ba kya zuwa ki faɗa, akwai masu jira."

Amsar ta yi ma'ana, kuma saboda ta yi ma'ana da sauri haka ban yarda da ita ba.

Ranar tafiya Umma ta raka ni bakin titi, abin da ba ta saba ba. Ta cusa min ƙullin dabino a jaka. Na ce na gode, ta ce ba nawa ba ne. "Madam na da sukari, kin sani. In kin ga ta fara gumi a sanyi ko tana maimaita magana, ki ba ta. Ki sa mata ido don Allah." Na ce, "Ashe dai an gama shirya min aikin." Ta ce ita kaɗai ta yi wannan tunanin, babu wanda ya sa ta. Ban cire dabinon ba, don uwata ce, amma tun daga Jidda har Jazan ina jin nauyinsa.

A bas na zauna can baya, ni na zaɓa, don in ga kowa. Wata Bamisriya ta ce in miƙo mata ruwa daga kwalin da ke kusa da ni, na rubuta wannan a raina. Anjima na ji ta sa wata 'yar ƙasa ta miƙo mata biskit, wannan ban rubuta shi da kyau ba. Madam tana gaba tana ba da labarin tuddan tsibirin, musamman na uku, wanda take cewa duk shekara sai ya fitar da hawayen sababbi. Ko sau ɗaya ba ta waiwayo ba. Na ce ko kunya take ji ta aike ni a gaban mutane, tana jira mu isa inda babu kowa.

Mun kwana a Jazan, da safe muka tsallaka. Sanyin can ba sanyi ba ne, iska ce mai laushi da warin gishiri, amma kowa ya sa rigar sama don a san lokacin sanyi ne. A bakin tashar tsibirin aka sauke kekuna daga motar kaya. Sista ta tara mu ta ce hanya zagaye ce, za mu ci abinci a wani bakin ruwa da ke can gaba, kuma dole mu dawo kafin jirgin la'asar, in ba haka ba mu kwana a nan da barewa. Aka yi dariya. Sai ta kira ni. Ta miƙo min riga ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido, irin wadda masu sharar titi suke sawa sak, da wata jakar goyo mai nauyi.

"Ke ce mai baya bana."

Na san mai baya. Ko a bakin teku akwai ta, wata 'yar Filifin ce take yi kafin kwantiraginta ya ƙare ta koma gida. Mai baya ba ta wuce kowa. Ko kunkuru ce ta ƙarshe, a bayanta za ta tsaya. Famfo, tiyub, kayan faci, ƙarfen cire taya, duk a gadon bayanta suke. In ta iso, shugaba ta san babu wadda ta rage a hanya, ba sai ta ƙirga ba.

"Me ya sa ni?" na ce da Hausa, don kada sauran su ji.

"Wa ya iya canza taya a cikinsu? Wa zai iya hawa tudu sau biyu in ta kama? Mai ƙarfi ake sawa a baya."

"Sista, wa yake zuwa na ƙarshe duk Juma'a?"

Ta shiga gyara igiyar hularta.

"Madam," na amsa wa kaina.

"Ban ce ki bi Madam ba. Na ce ki bi ta ƙarshe. Oke? Yalla, sa rigar."

Na sa. Mu biyu ne baƙaƙe a tafiyar, ɗaya tana gaba da usur a wuya, ɗaya tana baya da rigar shara da kayan mutane a baya. Na ce a raina wataƙila Sista ba ta ma san an yi amfani da ita ba. Ita 'yar kwantiragi ce, asibiti ne ya kawo ta, ba ta tashi tana shiga gidajen Abhur ta ƙofar baya ba. Ba ta san yadda ake neman abu a irin gidajen nan ba tare da an furta shi ba.

Ƙasar tsibirin fara ce, dutsen murjani ne da ya bushe, ga itatuwan ƙaya gajeru nan da can. Tuddan ba dogaye ba ne amma a jere suke, kina saukowa ɗaya wani yana jiranki. Kafin mu gama na farko layin ya tsinke, masu sauri sun ɓace, na tsakiya sun zama ɗigo-ɗigo. Na ji ihu daga gaba, wai barewa. Kafin mu iso wurin babu ko sawunta. Abin da na gani a tsibirin nan, in gaya muku gaskiya, shi ne tayar bayan Madam. Kekenta sabo ne, mara nauyi, da yatsa biyu za a ɗaga shi, amma tana taka shi kamar tana tsoron ya ji ciwo. Ni kuwa birki nake ta matsawa a hanyar da babu gangara, ƙafafuna suna ƙaiƙayi.

"Wuce, ya binti," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Wuce abinki."

"Ba a wucewa."

"Ni na ce ki wuce."

Na ci gaba da binta a baya. Na san wannan muryar, ita ce muryar da take sallamar Umma da ita in baƙi sun zo falo. Na ce gwada ni take yi, tana so in wuce ta je ta ce 'yar mai girki ba ta da tarbiyya. Ko kuma tana so in ce a'a Madam, ai ba zan bar ki ba, ta ji daɗi. Ko wanne ne ban ba ta ba.

A saman tudu na biyu ta tsaya tana haki. Rana ta ɗaga. Ta zuge rigar samanta, ta cire, ta miƙo hannu gefe da rigar a rataye, idonta yana kan teku. Ba ta ce riƙe min ba, ba ta ce don Allah ba, ba ta ko duba ko akwai mutum a wurin ba. Ta san akwai. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne hannuna ya karɓa kafin kaina ya yi magana. Na tsaya da rigar a hannu kamar ƙusa a bango. Na tura ta cikin jaka a kan famfo, na ja zif da ƙarfi har ya ciji yatsana.

Muka gangara. Daga ƙasa tudu na uku ya miƙe a gabanmu, ya fi sauran tsayi, ga kwana a tsakiyarsa. Madam ta rage tafiya tun ba mu kai gindinsa ba, har kekena ya fara lilo.

"Halas, wuce," ta sake cewa. "Zan zo."

Wannan karon na wuce. Na miƙe a kan feda, na sauke duk abin da na tara tun daga kicin ɗin Abhur a kan tudun nan. Ban taɓa hawa abu da daɗi haka ba. Tsohon keken yana ƙara, jakar tana dukan bayana, iska tana shiga rigar sharar tana kumbura ta. Na wuce Bamisriyar nan, na wuce wasu biyu suna tura nasu, ɗaya ta ɗaga min hannu. Daga sama na ga ruwa ta ɓangare uku, shuɗi da kore. Ban waiwaya ba. Na gangara ba birki, na hau wani ƙaramin tudun, na sake gangarawa, na iso bakin ruwan da motar abinci ta riga ta tsaya, ana shimfiɗa darduma.

Sista ta hango rigar ta hura usur. "Mai baya ta iso, a zuba abinci!" Sai ta ga Bamisriyar ta shigo bayana, sai wasu biyun. Ta sauke usur ɗin.

"Wa ke bayanki?"

"Madam tana zuwa."

"Tana zuwa daga ina?"

"Ita ta ce in wuce."

"Ita ce ta ba ki rigar?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ciro waya ta kira Madam, sai muka ji waƙa tana tashi daga bayana. Wayar tana aljihun rigar saman. Kowa ya juyo ya kalli jakar. Sista ta ce direban motar ya tafi ƙauye da ƙafa nemo ƙanƙara, makullin yana hannunsa. Ta dubi agogo, ta dube ni. Ban jira ta ce komai ba, na juya keken.

Komawar ba ta yi daɗin zuwan ba. Kowace kwana ina cewa yanzu zan gan ta tana tafe, babu ita. Na hau tudu na uku ta bayansa, na tsaya a sama na duba, hanya fara fes babu kowa. A nan dabinon ya faɗo min. Sukari, gumi a sanyi, maimaita magana. Dabinon yana bayana, wayarta tana bayana, famfo yana bayana. A raina na ga fuskar Umma a kicin ɗin nan ana gaya mata. Duk da haka, Allah ya gani, wani ɓangare na zuciyata yana cewa ɓuya ta yi don a ga laifina.

Ƙasa da kwanar na same ta, zaune a kan dutse a 'yar inuwar wata ƙaya, ta cire hula, gashinta ya manne da gumi. Keken yana kwance, tayar baya ta lotse. Ban taɓa ganin Madam zaune a ƙasa ba. Na jefa mata ƙullin dabinon a cinya kafin in sauka.

"Ci."

"Lafiyata ƙalau."

"Ci dai. Umma ce ta bayar."

Ta ci uku. Na ba ta ruwa. Na juya keken na cire tayar, na bi cikinta da yatsa har na samu ƙayar, doguwa kamar allura. Ƙaya ba ta hawa tsakiyar kwalta, a gefen hanya take. Na dubi takalmanta, sun yi fari da ƙura har idon sawu.

"Turawa kike yi," na ce.

Ta kau da kai.

"A gefe kika bi kina turawa, shi ya sa kika taka ƙaya."

"Duk shekara nake turawa," ta ce. "Daga gindinsa har sama. Waccan 'yar Filifin ɗin tana sauka ta tura tare da ni, ba ta taɓa gaya wa kowa ba."

"A bas kin ce yana sa sababbi kuka."

"Yana sa su. Ni ban ce ina hawa ba." Ta tofar da ƙwallon dabino. "Na roƙi Sista kada ta sa ki a baya. Sau biyu na roƙe ta. Ta ce ba ni nake raba aiki ba."

Na tsaya da tiyub a hannu. "Don me?"

"Don me? Ki koma Nuzla ki ba uwarki labari, gobe ina shiga kicin tana kallona tana danne dariya? Shekara nawa ina dawowa ina ce musu na zagaye tsibiri."

Na kalle ta ina neman ƙaryar. Mai yiwuwa ne ta ƙirƙira a zaunen nan, ta samu lokaci isasshe. Amma kunnuwanta sun yi ja, kuma ban san ana iya ƙirƙirar wannan ba.

"To me ya sa kika gaya wa Umma za a tafi da ni?"

"Na ga sunanki, na ce za ta ji daɗi. Laifi ne?"

"Rigar fa?"

"Wace riga?"

Na zaro ta daga jaka na ajiye a kan dutsen kusa da ita. "Kin miƙo min ita ba ki ko kalle ni ba."

Ta dubi rigar kamar yau ta fara ganinta. "Haka na yi?"

"Haka kike yi wa Umma kullum."

"Ita ba ta taɓa cewa komai ba."

"Iƙamarta tana hannunku."

Da maganar ta fita na so in kamo ta, don ba ni zan shiga kicin ɗin ranar Lahadi ba. Madam ta miƙe tsaye. Ta ɗauki rigar ta ɗaure a ƙugunta. Na sa sabon tiyub, na mayar da tayar da babban yatsa, na haɗa famfo. Sai na miƙa mata shi.

"Buga."

"Ni?"

"Kekenki ne. Na canza, aikin mai baya ke nan. Iska kowa yana iya bugawa."

Ƙarya na yi, mai baya ce take bugawa. Ta karɓa. Ta riƙe shi a karkace, iskar tana fita ta gefe, na gyara mata bakin da ƙafa ban karɓa ba. Ta buga, ta huta, ta zagi famfon da uwarsa da Larabcin Balad na tsohuwar unguwa, irin wanda ban san ta iya ba, ta sake bugawa. Na danna tayar na ce saura. Ta harare ni ta ci gaba. Da na ce ya isa, ta zauna ta ci dabino na huɗu.

Ta tura kekenta har sama, a tsakiyar kwalta wannan karon. Ni ban sauka ba. Na sa giya mafi sauƙi na bi ta a baya ina lilo, abin da ya fi hawa da gudu wahala.  A sama ta hau, muka gangara, ita a gaba.

Mun samu an naɗe darduma, an ajiye mana shinkafa da kifi a roba. Madam ta ce wa mutane taya ce ta fashe, ta ɗaga tafin hannunta da ya yi ja tana nuna musu ita ta buga iska. Ba ta ce komai a kaina ba, mai kyau ko mara kyau. Sauran hanyar na yi ta a baya kamar yadda aka ce, muka kai tasha ana shigar da motoci jirgi.

A saman jirgin Sista ta same ni a jikin ƙarfe. Ta miƙo hannu, na cire rigar na ba ta.

"Baɗi ba kya zuwa," ta ce. "Juma'a ki zo, tsibiri a'a. Shekara ɗaya."

"Madam ce ta ce?"

"Ke wai komai Madam? Na hura usur a kan rigarki, na ce kowa ya iso. Kin sa na yi ƙarya a gaban mutanena, da mai sukari a hanya."

"Ita ta ce in wuce, sau uku."

"Na sani, ta gaya min, har tana cewa laifinta ne. Ba ruwana. Da yarinyarta ce ke, ita zan kai wa ƙara ta ji da ke. Ni na ɗauke ki, ni na cire ki."

Ta tafi ta bar ni da ƙarar injin. Na so in ji haushi sosai, na kasa tara shi wuri ɗaya. Har muka ga fitilun Jazan ina lissafa ko sun haɗa baki a bakin ruwa lokacin da nake cin shinkafa, don na ga sun tsaya su biyu a jikin mota. Har yau ban san me suka ce ba.

Na isa gida washegari da yamma. Umma tana tsince shinkafa a tire, ta tambayi teku, ta tambayi abinci, ta tambaya ko dabinon ya yi amfani. Na ce an ci huɗu. Ta ɗaga kai.

"Ta hau tudun nata?"

"Ta kai ƙarshe," na ce.

"Ba shi na tambaya ba."

"Shi na sani."

Umma ta yi dariya har tiren ya karkace. "Ke, ni nake wanke takalman nan duk shekara. Farar ƙasa har cikin safa. Mai taka feda ina zai samo ta?"

"Kin sani ba ki taɓa faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Mata tana jin daɗinta."

Na so in gaya mata maganar iƙamar da na yi, na kasa. Ranar Lahadi ta tafi aiki, na yini a shagon ɗinkin da nake aiki ina duba waya. Da ta dawo na bi fuskarta da kallo tun daga ƙofa. Ta ajiye jaka ta ce babu komai, sai dai Madam ta shigo kicin ta ɗauki kofinta da kanta ta wanke, ta bar sabulu a ciki, sai da ta fita aka sake wankewa. Umma ta tsaya tana kallona.

"Me kika ce mata a can?"

Na ce taya muka gyara.